Katalis na ƙarfe ko na haske: wanne ɗan kemistiri zai ɗauka in zai fara bincike?

Wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya samu gurbin mastas a kemistiri, sai sufabaizansa ya ajiye masa hanya biyu ya ce ya je ya yi tunani ya dawo da ɗaya, ko dai ya yi aiki a kan oksideshan da katalis na ƙarfe, ko kuma ya shiga harkar katalis mai aiki da haske, wato fotokatalisis. Yaron nan ya kira ni ya fi sau huɗu a sati ɗaya, kullum maganar ke nan, Yaya wanne zan ɗauka, kuma na lura zuciyarsa ta riga ta tafi wajen hasken tun kafin ya san abin da ke ciki, don kawai an ce masa shi ne ake yayi kuma shi ne ba ya ɓata muhalli. To abin da na gaya masa shi ne zan shimfiɗa a nan, da ɗan ƙari, saboda na san ba shi kaɗai ne ke tsaye a wannan mararrabar ba.

Da farko dai su biyun nan matsala ɗaya suke ƙoƙarin warwarewa. Oksideshan ba baƙon abu ba ne, tsatsar da ke cin kwanon rufi shi ne, goron da ka ɓara ka ajiye ya canza launi shi ne, har ma zanen da marina ke tsamowa daga rijiyar baba a Ƙofar Mata, ya fito kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, duk shi ne. Abin mamakin kawai, oksijin ya kai kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa amma malalaci ne na gaske, ba ya kama sinadarai cikin sauƙi saboda yadda ilektiron biyu suke zaune a jikinsa kowanne shi kaɗai suna fuskantar gefe guda, kuma Allah ya taimake mu da hakan, da ba haka ba da rumbun hatsi da katifa da mu kanmu duk mun kama da wuta. Don haka sai an samo mai dalilin aure, wanda zai haɗa oksijin da abin da ake so ya aura, a ɗaura, shi kuma ya fita ya je ya haɗa wasu. Katalis ke nan. Wani mai dalilin ƙarfe ne da ke karɓar ilektiron ya miƙa, ana ɗan hura masa zafi, wani kuma sai haske ya taɓa shi sannan yake tashi aiki. Shi kansa goron nan da na ambata, abin da ke canza masa launi wani inzayim ne mai tagulla a cikinsa, hantarka kuma da inzayim mai ƙarfe take sarrafa yawancin magungunan da kake sha.

Bari in fara da na ƙarfen tunda shi ne babba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1894 wani Bature ɗan Ingila mai suna Fenton ya gano cewa in ka haɗa gishirin baƙin ƙarfe da haidurojin feroksaid, wannan ruwan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa, to sai ka samu abin da ke ragargaza sinadarai, sai a 1934 Haber da Weiss suka nuna cewa wani ɗan ƙaramin mahaukaci ne ke fitowa, haidroksil radikal, wanda duk abin da ya tarar sai ya cije shi. Daga nan abin ya shiga masana'antu ta ko'ina. Asid ɗin naitirik da ake takin zamani da shi, amoniya ake ƙonawa a kan ragar filatinom, hanyar Ostwald ke nan. Asid ɗin batir, banadiyom ne ke aikin. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Wacker a Jamus ya fito da hanyar mayar da etilin ya zama asetaldehaid da faladiyom da tagulla, faladiyom ya yi aikin, tagulla ta farfaɗo da shi, iska kuma ta farfaɗo da tagullar, har yau duk ɗan aji uku a kemistiri sai ya zana wannan zagayen a jarabawa. Gorar ruwa ko ta lemo da ke hannunka da yadin foliyesta da ke jikinka, tushensu asid ɗin tereftalik ne, shi kuma da kobalt da manganis da buromaid ake yinsa a cikin asid ɗin asetik, zafi wajen digiri 200, kuma tukunyar sai an yi mata shafe da titaniyom don ruwan yana cin ƙarfe. Wannan duk ba labarin lab ba ne, miliyoyin tan ake magana a shekara.

Sai kuma ɓangaren aikin hannu mai laushi, irin na haɗa magani, inda ba ragargazawa ake so ba, so ake a ɗora oksijin ƙwaya ɗaya tak a daidai wuri ɗaya kuma ta gefe ɗaya. A nan ne Sharpless da Katsuki suka yi abin a zo a gani a 1980 da titaniyom da wani sinadari da ake samu daga asid ɗin tatarik, wanda yana cikin abin da ya ba Sharpless kyautar Nobel a 2001, mutumin da ya sake cin wata a 2022 kan wani aiki daban.

To ina aibin? Sunan da ya ɓaci dai ya ɓaci ne saboda tsofaffin hanyoyin da ake zuba kuromiyom ko famanganet gwangwani-gwangwani, ba a matsayin katalis ba, a matsayin abin da za a cinye a zubar. Kuromiyom mai caji shida yana kawo kansa, osmiyom tetroksaid kuma tururinsa kaɗai yana iya lalata ido. Roger Sheldon ya lissafa a farkon shekarun 1990 cewa a harkar haɗa magunguna, duk kilo ɗaya na magani ana iya barin shara kilo 25 zuwa sama da 100. Amma abin da ƙanena bai sani ba, kuma yawancin masu ce wa wannan fanni tsohon yayi ba su sani ba, shi ne mutanen gidan sun daɗe da fara share gidansu. A 1983 kamfanin Enichem na Italiya ya fito da TS-1, wani dutse mai ƙananan ramuka da aka dasa wa titaniyom, yana aiki da feroksaid kuma sharar da yake bari ruwa ne kawai, da irinsa BASF da Dow suka buɗe katafariyar masana'antar furofilin oksaid a Antwerp a 2008. A 1998 Noyori da abokan aikinsa suka nuna ana iya yin asid ɗin adifik na nailan da tungisten da feroksaid, a kauce wa asid ɗin naitirik da ke fitar da iskar N2O mai ɗumama duniya. A 2007 Christina White ta fito da katalis na ƙarfe, ƙarfen nan dai da ka sani, mai iya zaɓar wuri ɗaya a jikin babban sinadari ya ɗora masa oksijin. A 2011 kuma Shannon Stahl a Wisconsin ya nuna tagulla da wani sinadari mai taimaka mata da ake kira TEMPO suna mayar da alkohol ya zama aldehaid da iskar ɗaki kawai, a zafin ɗaki, tulun ma a buɗe. Ka gaya min wane tsafta ce ta wuce wannan.

Amma fa akwai haɗari na gaske kuma ba zan ɓoye maka ba. Oksijin da sinadari mai kamawa da wuta da zafi, ukun nan in suka haɗu a tukunya ɗaya kana wasa da wutsiyar damisa ne. Ranar 1 ga Yuni 1974 masana'antar da ke oksideshan ɗin saikuloheksen a Flixborough ta Ingila ta fashe, mutum 28 suka mutu. A ƙaramin lab ma feroksaid mai ƙarfi ba abin wasa ba ne, kar ka kuskura ka haɗa shi da asiton ko ka zuba ragowarsa a kwalbar shara ɗaya da komai da komai ka toshe. Sannan akwai matsalar wuce gona da iri, kana son aldehaid sai ka waiwaya ka tarar ya zarce ya zama asid, ko ma ya ƙone gaba ɗaya, shi ya sa a masana'antar saikuloheksen ɗin nan da gangan ake tsayar da aikin tun bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, a tace, a mayar da sauran tukunya. Wani abin kuma da ke kunyata ɗalibai a gaban malaman waje, ka ce katalis ɗinka gari ne ba ya narkewa, ashe ɗan ƙarfen da ya zubo daga jikinsa cikin ruwan shi ne ke yin duk aikin, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Maganin wannan mai sauƙi ne, ana tsakiyar aiki ka tace garin tun ruwan na da zafi ka ci gaba da juya ruwan shi kaɗai, in aikin ya ci gaba to ka san labarinka ya canza.

Yanzu mu zo ga haske, abin da ya tafi da hankalin yaron.

Shi ma ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. A 1912 wani malami a Bologna mai suna Giacomo Ciamician, wanda yake jera kwalaben gwajinsa a saman ginin jami'a rana ta yi ta dukansu wata da watanni, ya yi lacca a New York yana cewa wata rana gawayin ƙasa zai ƙare kuma masana'antu za su koma ga rana, har ya hango cewa ƙasashe masu zafi su ne za su ci riba. Sai a 1972 Fujishima da Honda a Japan suka nuna titaniyom dayoksaid, TiO2, farar hodar nan da ake sawa a fenti, in haske ya doke ta tana iya raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin. Yadda abin yake, haske ya bugi ilektiron ya tashe shi daga mazauninsa ya bar gurbi, to gurbin nan mayunwaci ne, duk abin da ya matso sai ya ƙwace masa ilektiron, oksideshan ke nan ba tare da ka hura wuta ba. Matsalar TiO2 ita ce tsallen da ilektiron ɗin zai yi yana da tsawo, 3.2 eV a ma'aunin ƙarfin da ilektiron ke buƙata, sai hasken da tsawon zangonsa bai wuce nanomita 387 ba, wato UV, hasken da ido ba ya gani, shi kuma UV ɗin bai fi kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Kenan duk ranar Maris da Afrilu da ke gasa mu, hodar nan kaɗan take tsinta a ciki. Shekara hamsin ke nan ana ta dabarar yadda za a sa ta ga hasken da ido ke gani, wasu su barbaɗa mata naitirojin kamar yadda Asahi da abokansa suka yi a 2001, wasu su canza hodar gaba ɗaya. Wadda ta fi burge ni ita ce kabon naitiraid, g-C3N4, da Xinchen Wang da Antonietti da Domen suka fito da ita fili a 2009, ruwan ɗorawa ce, tsallenta 2.7 eV don haka tana kama shuɗin haske, babu ƙarfe a cikinta ko kaɗan, kuma yuriya ko melamin kawai za ka zuba a kasko mai murfi ka gasa a wajen digiri 550. Eh yuriyar nan dai irin ta taki, amma kar ka je kasuwa ka ɗebo daga buhu ka ce za ka rubuta tisis da ita sai dai in kwatanta ta da mai tsafta shi ne binciken naka.

Wannan gida ɗaya ke nan, gidan masu hoda, yawanci tsabtace ruwa da samar da haidurojin suka sa a gaba. Akwai gida na biyu, na masu haɗa magunguna, wanda ya farfaɗo a 2008 lokacin da MacMillan da Nicewicz a Princeton da kuma Tehshik Yoon a Wisconsin suka fitar da ayyukansu, Stephenson ya biyo baya a 2009. Su katalis ɗinsu narkewa yake a ruwan gwajin, rutiniyom ne mai launin lemo da ke shan haske a wajen nanomita 452, kuma abin da ya taimake su shi ne ƙwan LED shuɗi ya yi araha, wanda Akasaki da Amano da Nakamura suka ci Nobel a kansa a 2014. Da wannan ake ƙulla sinadaran da a da sai an sha wahala, a zafin ɗaki, da fitilar da ba ta fi ta ado a shagon aski ba.

To a nan ne na tsayar da ƙanena na ce masa ka lura fa, rutiniyom na ce, kuma wanda ya fi shi tashe iridiyom ne. Wato wannan rabon da aka yi maka na ƙarfe a hannun dama haske a hannun hagu, rabin gaskiya ne, yawancin shahararrun katalis na haske su ma ƙarafa ne, ƙarafan ma masu tsadar tsiya. Iridiyom ɗin da ake haƙowa a duniya gaba ɗaya bai kai tan goma a shekara ba, akasarinsa daga Afirka ta Kudu. Ka gudu daga tagulla da ƙarfe don kana son kare muhalli ka faɗa wa iridiyom, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sa'ar da aka yi akwai rini masu araha da ke yin wani ɓangare na aikin, su iyosin Y da ros bengal da metilin bulu waɗanda kusan kowane lab na bayoloji yana da su a kanta, amma su ma haske na kodar da su kamar yadda yake kodar da atamfa a igiyar shanya, kuma ba ko'ina suke iya maye gurbin iridiyom ba. Ganyen bishiya ma da ake ta misali da shi, wurin da yake raba ruwa ya fitar da oksijin wani ɗan dunƙule ne na manganis huɗu da kalsiyom ɗaya. Haske da ƙarfe tare suke aiki tun fil azal.

Labarin da ya fi kusa da mu a wannan fanni shi ne na atemisinin, tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da kusan kowane gida ya taɓa sha, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ci Nobel a kansa a 2015. Daga ganyen tazargade ake tatsarsa, farashi kullum hawa da sauka gwargwadon noman bana. A 2012 Seeberger da Lévesque a Jamus suka nuna ana iya ƙarasa haɗa shi da haske da oksijin a cikin siririn bututu da aka naɗe a jikin fitila, a 2013 kuma Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya inda haske ke ƙarasa aikin a kan asid ɗin farko da yis ya samar a wata masana'anta daban. Kemistiri ya yi kyau matuƙa. Amma na ganye ya zo ya yi araha, kasuwa ta ƙi, bayan 'yan shekaru aka sayar da wurin ga wani kamfani mai suna Huvepharma. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Babban ciwon kan haske shi ne ba ya shiga ciki. In ruwan na da launi ko yana da duhu, 'yan milimita na bakin kwalba ne kawai ke ganin haske, na tsakiya suna zaune a duhu, don haka abin da ya yi maka kyau a ƙaramar kwalba in ka ninka shi sau ɗari sai ya kwanta, shi ya sa ake komawa ga siraran bututu ko faffaɗan faranti. Tawagar Domen a Japan ta shimfiɗa faranti mai faɗin murabba'in mita 100 tana raba ruwa da rana, suka wallafa a 2021, kuma abin da suka iya mayarwa haidurojin daga ƙarfin ranar bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, 0.76 ne a mafi kyawunsa. Waɗannan fa su ne gwanayen duniya. Shi kuwa na ƙarfe, ka ƙara girman tukunya ka kula da zafi da juyawa, injiniyoyi sun san wannan karatun shekara ɗari.

Sai ciwon kai na biyu, wanda ya fi shafar ɗalibanmu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ka duba tarin firojek da ake yi, kusan fasali ɗaya ne, a haɗa wata hoda, a zuba a ruwan metilin bulu, a ajiye a rana, a auna a nanomita 664, launi ya ɓace, a rubuta cewa an lalata kashi casa'in da wani abu. Na taɓa zama a wajen kare wani aiki irin wannan, malamin waje ya yi tambaya ɗaya tak, ka ajiye wata kwalbar a cikin duhu ka gani? Shiru. Ɓacewar launi ba ita ce lalacewar sinadari ba. Wataƙila hodar ce ta tsotse rinin kamar gawayi, ka duba ta ka ga ta koma shuɗiya. Wataƙila rana ce da kanta ta kodar da shi ba ruwan hodarka. Wataƙila rinin ne ya sha hasken ya miƙa wa hodar ilektiron, wanda ke nufin in ka kawo gurɓataccen abu marar launi ba abin da zai faru, Bunsho Ohtani na jami'ar Hokkaido ya daɗe yana jan kunne a kan wannan. Wataƙila kuma an fasa rinin ne gida biyu, launi ya tafi amma gutsattsarin da suka rage sun fi uwar guba. Don haka in za ka shiga nan, dole kwalba a duhu, kwalba a rana babu hoda, abu marar launi kamar finol, da awon COD ko TOC da zai nuna da gaske kabon ɗin ya tafi. Kuma dole ka auna hasken kansa, don ranar sha biyu ba ta ƙarfe huɗu ba ce, ta bazara ba ta hunturu ba ce lokacin da ƙura ke rufe sama, ga kwalbar da ke kan rufi tana ɗaukar zafi har ka rasa ko haske ne ya yi aikin ko zafin. Akwai tsohuwar hanyar auna haske da feri-okzalet da Hatchard da Parker suka kawo a 1956, ba ta da tsada, amma da wuya ka ga an yi.

To wanne za ka ɗauka? Ni tambayar da nake fara yi ba wanne ya fi kyau ba ce, wace na'urar awo ce ke aiki a sashenku, ba wadda ke rufe da leda ana nuna wa baƙi ba, wadda za a bar ka ka taɓa. Oksideshan na ƙarfe irin na haɗa sinadarai, da fotokatalisis irin na su MacMillan, duk biyun ba sa yiwuwa sai da GC ko HPLC, na'urorin da ke rarrabe sinadarai su auna yawansu, a kusa da kai da kuma hanyar samun NMR, mai nuna fasalin sinadari, saboda kullum tambayar ita ce me ya fito kuma nawa ne, in sai ka aika samfur wata ƙasa ka jira wata uku kafin ka san ko gwajin ranar Litinin ya yi, to shekara biyun mastas ba za ta ishe ka ba. In kana da waɗannan, ni a ganina ɗan mastas ya fi samun tarbiyya a na ƙarfe, tagulla ko ƙarfe ko manganis da iska ko feroksaid, zai koyi saurin aikin sinadarai, zai koyi zaɓe, zai koyi tsoron Allah a gaban tukunya, kayan ba su da tsada, kuma in burinsa matatar mai ne ko kamfanin taki ko na robobi, yaren da suke ji ke nan. Illarsa fili ne da aka daɗe ana nomawa, samun sabon abu da zai burge babbar mujalla sai an yi da gaske, kuma in aikinka na buƙatar awa goma sha biyu ana dafawa ana juyawa, ɗauke wuta sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko.

In kuwa burinka ka fita waje digiri na uku a haɗa magunguna, to sanin fotokatalisis na gida na biyu jari ne, manyan kamfanonin magani sun rungume shi, kuma ana iya farawa da iyosin da zaren LED da fankar kwamfuta da batir, wanda ma ya rage maka dogaro da wutar gari.

Amma in abin da ke gabanka shi ne na'urar awon shan haske ta UV-Vis ɗaya da murhun gasawa da na'urar pH, wanda shi ne halin da yawancinmu muka tashi a ciki, to shawarata kar ka zaɓi ɗaya, ka aurar da su. Akwai abin da ake kira foto-Fenton, wato Fenton ɗin nan na 1894 amma a rana. A duhu ƙarfen yana gajiya, ya koma mai caji uku ya yi nauyin dawowa, sai ka yi ta ƙarawa har ka tara laka mai ja, amma hasken rana yana dawo da shi mai caji biyu kuma a hanya ya ƙara fitar da wani radikal ɗin, don haka ƙarfe kaɗan ya ishe ka, kuma yana amfani da hasken da ya zarce inda TiO2 ke tsayawa. Cibiyar binciken rana da ke Almería a kudancin Sifen ta yi shekaru tana gwada wannan a kan ainihin ruwan masana'antu da magungunan ƙwari. Lagonsa shi ne yana son ruwa mai tsami, pH wajen 2.8 zuwa 3, don haka sai ka sa asid sannan ka kashe shi daga baya, kuma yadda za a sa ya yi aiki a ruwan da ba a tsamama ba, ta hanyar riƙe ƙarfen da sitiret ko makamancinsa, tambaya ce da har yanzu ake nema. Ga rana muna da ita har ta yi yawa, ga ruwan rini da na jima da ke fitowa daga Challawa da Sharaɗa da Bompai, wanda ba irin ruwan metilin bulu na kwalba ba ne, akwai gishiri a ciki, akwai kuromiyom, akwai maiƙo da duhu, duk abubuwan da ke kashe katalis. Wanda ya ɗauko wannan ruwan na gaske ya auna shi da gaskiya, ko sakamakonsa kashi arba'in ne, ya fi min mai kashi casa'in da tara a ruwan roba.

Ƙanen nawa dai ya ɗan yi shiru a waya, ya ce to Yaya ni fa kabon naitiraid ɗin nan ta shiga raina. Na ce ba laifi, gasa abarka, amma ka jera ta da foto-Fenton da kuma TiO2 na kanti irin P25 a ruwa ɗaya, rana ɗaya, kwalba iri ɗaya, mu ga wa zai kai labari. Na kuma ce kafin ya rubuta ko layi ɗaya na furofozal ya je wajen mai kula da lab ɗinsu, ya gaishe shi da kyau, ya tambaye shi ko murhun nan yana kai digiri 550 da gaske, da kuma ko akwai kayan awon COD ko shi zai saya da kuɗinsa. Jiya ya turo min saƙo cewa murhun yana aiki, kayan COD ɗin ne babu, yana neman wanda zai zo daga Legas.